Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa: Tsokaci a Kan Yanke Salansar Motar Zamani

Duk wanda gidansa yake bakin babban titi a Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ko Sakkwato, ya san wata irin ƙara da takan keta dare bayan sawu ya ɗauke. Wanda bai saba ba sai ya zaci tirela ce ta ƙwace, ko kuwa bindiga aka harba. Alhali kuwa ƙaramar mota ce, irin wadda masu ƙera ta suka ɓata shekaru suna dabara domin ta wuce ta ƙofar gida ba tare da ta ta da mai barci ba. Abin da ya faru shi ne, mai ita ya kai ta wurin mai walda an yanke mata salansa, an jona mata miƙaƙƙen bututu tun daga gindin inji har zuwa baya, babu tukunya, babu komai a tsakani. Wannan ɗabi'a ta samu karɓuwa a wurin waɗansu samari masu abin hannu, kuma tana da ƙanwa wadda ba ta kai ta ƙara ba amma ta fi ta yawa, watau cire abin nan da kanikawa suke kira katalis ko indomi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wanda ya yi wa motar zamani mai shan fetur haka bai sayi komai ba sai ƙara, kuma kuɗin ƙarar nan waɗansu ne dabam suke biya, da huhunsu da barcinsu.

Kalmar salansa aro ce daga Ingilishi, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da yake sa a yi shiru. Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta game dukkan hanyar da hayaƙi yake bi ya fita daga mota. Wannan faɗaɗawa ta taimaka wajen ɓatar da mutane, domin da yawa sun ɗauka salansa kamar indararo ce, iyakar aikinta ta kai abin da ba a so waje, saboda haka duk yadda aka miƙe ta aka buɗe ta, haka aikinta zai fi kyau. A motar shekaru hamsin da suka wuce wannan zato yana da ɗan ƙamshin gaskiya. A motar yau kuwa ba haka abin yake ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da yake ƙarƙashin mota kafin a ci gaba. Inji mai silinda huɗu, idan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, yakan ƙona fetur sau 100 a kowace daƙiƙa. Kowace ƙonawa fashewa ce, kuma tana turo hayaƙi da zafinsa yakan kai digiri 700 ko fiye. Hayaƙin yakan taru a manifol, ya wuce ta gaban wata 'yar na'ura mai auna iskar oksijin, wadda kanikawa suke kira sansa, sa'an nan ya shiga katalis. Daga nan ya sake wucewa ta gaban sansa ta biyu, ya bi ta ƙaramar tukunya, ya ƙare a babbar tukunyar baya. Tukwanen nan biyu su ne masu kashe ƙara. A cikinsu akwai ɗakuna da bututu masu huji-huji, an auna tsawonsu yadda amo zai yi karo da ɗan'uwansa su kashe juna. Miƙaƙƙen bututu na sosai yakan share duk waɗannan a zama ɗaya.

Katalis shi ne zuciyar maganar. A waje gwangwani ne na ƙarfe, a ciki kuwa wani gasasshen yumɓu ne mai dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma. Kamanninsa da dunƙulen taliyar nan ta cikin leda shi ya sa kanikawan Nijeriya suka laƙaba masa suna indomi, kuma lalle sunan ya dace. An shafe bangon ƙofofin nan da ɗan abin da bai wuce 'yan giram-giram ba na waɗansu ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. Ba rariya ba ce mai tare datti. Aikinsa shi ne ya sauya hayaƙin kansa: idan ya yi zafi, yakan mai da kabon monoksaid, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da gubar da ake kira oksaid na naitrojin, su koma tururin ruwa da naitrojin da kabon dayoksaid. Katalis mai lafiya yakan kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan guba uku.

Ba don ƙawa aka ƙirƙiro shi ba. Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, shi ya fara neman wannan dabara a shekarun 1950, sa'ad da hayaƙin motoci ya riƙa lulluɓe birnin Los Anjalis har idanun mutane suna ƙaiƙayi. Dabarar ba ta yi amfani nan da nan ba, domin fetur na lokacin yana da dalma a ciki, dalma kuwa takan kashe katalis. Bayan Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, sai yawancin motocin da aka fitar can daga 1975 suka zo da shi. A 1976 kamfanin Volvo ya haɗa shi da sansar oksijin ta kamfanin Bosch, abin da ya ba shi ikon magance guba ukun nan gaba ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta shi ga sababbin motocin fetur daga 1993. Afirka ta kudu da Sahara ta daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Watau an yi rabin ƙarni ana fama kafin a kai inda mota za ta bi ta cikin kasuwa ba ta shayar da mutane guba mai yawa ba. Mai walda yakan rushe wannan duka kafin shayi ya huce.

Abin lura shi ne, a shekarar 1975 ɗin nan da Amurka ta fara sa katalis, a ita ce aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Fijo 504 mota ce mai kafireta. Bakanike yakan saita ta da sukundireba da kunnensa, ya ƙara mai ko ya rage, ya saurari inji har ya ji ya daidaita. Ba ta da sansa, ba ta da katalis, ba ta da ƙwaƙwalwa. A kan irin wannan mota manyan kanikawan ƙasar nan suka koyi aiki, kuma sun ƙware ƙwarai, su suka koya wa na bayansu. Matsalar ita ce ilmin ya tsaya inda yake, mota kuwa ta yi gaba. Toyota Camry ko Honda Accord ta shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunan Arewa, kwamfuta ce take ba ta mai. Wannan ƙwaƙwalwar mota tana sauraron sansar farko a kowane lokaci, tana ƙara fetur tana ragewa ta bakin nozul, domin ta riƙe awo ɗaya: kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. A wannan awo ne katalis yake aiki sosai. Sansa ta biyu kuma aikinta ta shaida wa ƙwaƙwalwa ko katalis yana nan yana yin abin da aka sa shi. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da wannan tsari na binciken kai. Ashe ke nan salansar motar zamani gaɓa ce ta jikin inji, suna magana da juna.

Masu yanke salansa suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai mota takan ƙara ƙarfi domin inji ya samu ya yi numfashi. Adalci ya sa a ce akwai ƙwayar gaskiya a nan. Tukunya da katalis suna ɗan tare hayaƙi, kuma idan aka kawar da su, inji yakan iya samun 'yan ƙarfin doki ƙalilan, musamman inji mai turbo. Amma fa wannan ƙari yana fitowa ne can sama, sa'ad da inji yake juyawa kusan sau 6,000 a minti, inda ba mai hankalin da zai kai motarsa tsakanin Ƙofar Nasarawa da Gadar Lado. Camry mai silinda huɗu tana da ƙarfin doki kusan 160. Ko an ƙara mata uku ko huɗu a ƙololuwa, direba ba zai ji su a jikinsa ba. Abin da yake ji kunnensa ne yake yaudararsa, gama mutum ya saba haɗa ƙara da gudu.

Har ma akwai inda abin yake komawa baya. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, dunƙule-dunƙule yake fita, kuma kowane dunƙule da ya wuce da sauri yakan bar wani ɗan gurbi a bayansa wanda yake zuƙo na biye da shi. Masu ƙera mota sun auna faɗin bututu da tsawonsa domin a ci moriyar wannan zuƙa a gudun da aka fi yi yau da kullum. Mai walda kuwa bututun da ya samu a shagonsa shi zai sa, sau da yawa kuma wanda ya fi faɗi ake zaɓa, don ya fi cika ido. Ruwan da yake gudu a ƙaramar kwata, in ya shiga mai faɗi sai ya lafa. Haka hayaƙi yake. Sakamakon shi ne motar da take ruri kamar zaki amma takan yi nauyin tashi daga danja. Holoƙo ke nan, hadarin kaka.

Hujja ta biyu, wai ana samun sauƙin shan mai. Wannan magana ta daɗa samun masu saurare tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500, har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ba laifi ba ne mutum ya nemi sauƙi. Sai dai wanda ya fahimci aikin ƙwaƙwalwar mota ya san cewa ita ce mai rabon fetur, kuma awon nan nata ba ya canjawa don an yanke tukunya. Abin da ya fi faruwa ma kishiyar haka ne. A motoci da yawa katalis yana manne da manifol, dab da sansar farko. In aka yi walda ba ta kama sosai ba, iskar waje takan kutsa ta taɓa sansa, ƙwaƙwalwa ta zaci mai ya yi kaɗan, sai ta riƙa ƙarawa. In kuwa an yar da sansar gaba ɗaya, kamar yadda waɗansu suke yi, ƙwaƙwalwa ta makance ke nan, sai ta koma ba da mai bisa ƙiyasi, fulogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa zurarewa. Ga kuma halin ɗan Adam: wanda ya biya kuɗi don motarsa ta yi ƙara ba zai taka totur a hankali ba.

Akwai wata hasara da ba a cika ambata ba. Da zarar sansa ta biyu ta ga babu katalis, fitilar gargaɗin inji takan kama a gaban direba, ta zauna. Waɗansu sukan liƙe ta da baƙin salatif, waɗansu su sa a cire ƙwanta, waɗansu su sa a yaudari ƙwaƙwalwar. Fitilar nan kuwa ita kaɗai ce bakin da mota take da shi na faɗin ciwonta. Ran da wata cuta ta gaske ta taso, babu yadda za a yi mai mota ya sani, domin fitilar da ma a kunne take. Garin neman gira an rasa ido. Shi kansa direban, bayan ɗokin mako biyu ya wuce, yakan tarar da cewa tafiya daga Kano zuwa Kaduna ta zama azaba, saboda wani gurnani mai nauyi da yake cika cikin mota a matsakaicin gudu, wanda ƙaramar tukunyar da aka yar ita ce da take kashe shi.

To, da a ce hasarar ta tsaya a kan mai mota, da sai a ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma bakin salansa baya yake kallo. Lissafin kuwa ba shi da wuya: idan katalis yana kawar da kashi 90 cikin 100 na guba, mota ɗaya marar katalis tana zubar da abin da motoci goma masu shi suke zubarwa. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin yake kamawa sama da sau 200. Shi ne dai abin da yake kashe iyali guda cikin dare idan suka kwana da janareta a cikin gida, labarin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ragowar fetur da bai ƙone ba yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Oksaid na naitrojin kuma yana fusata hanyoyin numfashi, yana ta da asma. A lokacin hunturu, sa'ad da iska mai sanyi take kwanciya ƙasa da dare da sassafe, hayaƙin ba ya tashi sama da wuri, sai ya gauraya da ƙura ya tsaya daidai inda mutane suke numfashi.

Su wa suke shaƙa? Tsayin bakin salansa daga ƙasa bai kai gwiwar babban mutum ba. A cunkoson Kwangila ko na Kawo, waɗanda suka fi kusa da shi su ne yarinya mai tallan gyaɗa, da almajiri, da mai sayar da ruwan leda, da gurgun da yake bara a kan kekensa, da fasinjojin Adaidaita Sahu da ba su da gilashin rufewa, da ma'aikacin da yake ba da hannu tun safe har yamma. Mai motar yana ciki, gilashi a rufe, sanyi yana busawa, kiɗa yana tashi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ko da yake shi ma bai tsira sarai ba, domin bututun da aka jona da gaggawa yakan yi yoyo a ƙarƙashin kujeru, kuma hayaƙin yakan sami hanyar shiga.

Ita ƙarar ma ba abin wasa ba ce. Ana auna amo da desibal. Hira tsakanin mutum biyu takan kai kamar 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage wannan lokaci da rabi, har ya zama a 100 minti 15 ne kawai. Miƙaƙƙen bututu, idan aka taka mota, yana iya wuce 100 ga wanda yake tsaye kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2018, ta nemi kada amon titi da dare ya wuce 45, saboda katsewar barci a kai a kai tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Mota ɗaya da ta ratsa unguwa da ƙarfe ɗayan dare tana iya ta da gidaje ɗari: jariri da aka sha wahala kafin ya yi barci, da tsoho mai jinya, da ɗalibin da zai shiga jarrabawa da safe. A garuruwan da suka ɗanɗani tashin bam da harbe-harbe a shekarun baya, fashewar da irin wannan salansa takan yi in an saki totur ba ƙaramin firgita mutane take yi ba.

Wannan ɗabi'a ba a nan aka haife ta ba. Asalinta filin tsere ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Kalifoniya sun riƙa gyara tsofaffin motoci suna tsere da su a busassun tafkuna da keɓaɓɓun filaye, inda ake buɗe salansa domin inji yana aiki ne a ƙololuwar ƙarfinsa daga fari har ƙarshe, kuma an sake saita shi duka saboda haka. Finafinai irin su The Fast and the Furious, wanda ya fito a 2001, da hotunan da ake yaɗawa a YouTube da TikTok, su suka kai sha'awar ko'ina. Abin da ya iso nan shi ne ƙarar, filin da sauran gyaran an baro su can. A Amurkar kanta dokar tarayya ta hana cire katalis daga motar da take hawa titi, a Ingila kuma motar da aka cire wa shi ba ta cin gwajin shekara-shekara.

Bahaushe ba baƙon amo ba ne, kuma ya daɗe da sanin cewa amo yana nuna matsayi. Amma ya yi masa ƙa'ida. Kakaki da tambari na sarki ne, ba a busa wa attajiri kakaki komai dukiyarsa. Kalangu yana da masu shi, 'yan bindiga suna da ranarsu ta hawan salla, kuma kowa ya san da zuwanta. Bugu da ƙari, babban mutum ba ya shelar isowarsa da bakinsa, maroƙi ne yake yi masa, shi kuwa yana tafe a natse. Saurayin da ya miƙe salansa ya haɗa matsayi biyu a jikinsa, shi ne sarkin, shi ne maroƙin, kuma ya mai da kowace rana ranar hawa. Ana ganin haka ƙarara a wasan mota da akan yi wajen ɗaukar amarya, inda akan mai da titin jama'a filin sukuwa.

Sai dai ba daidai ba ne a haɗa kowa a kwando ɗaya. Yawancin motocin da suke yawo babu katalis a ƙasar nan, masu su ba 'yan gayu ba ne. Malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa wanda motarsa ta fara nauyi a hawa, ya kai gareji, aka ce masa indomi ya toshe, a fasa a zubar mota ta sha iska. Wani lokaci gaskiya ne. Katalis yana toshewa, ko ya narke, ko ya farfashe idan mota ta daki rami. Amma ba ya mutuwa haka kawai. Galibi fulogi ne ya daina ba da wuta sosai har ɗanyen fetur yake isa gare shi, ko kuwa inji ne yake shan baƙin mai. In aka cire shi ba a gyara tushen ba, an kashe ɗan aike ne kawai. Wani lokaci kuwa lafiyarsa lau, abin da yake cikinsa ake so. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 kowane oza, ya ninka na zinariya fiye da sau goma, kuma ko da yake ya faɗo daga baya, tsohon katalis bai daina zama haja ba. A Amurka da Ingila ɓarayi sun riƙa shiga ƙarƙashin motoci suna yanke shi cikin 'yan mintoci. A nan ba a bukatar shiga da dare, mai motar ne da kansa yake kawowa, ya biya kuɗin aiki, ya yi godiya, ya tafi ya bar abin a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba dukkan kanikawa ne suke haka ba, akwai masu amana da yawa, amma mai saye yana zagaya garejin kowa.

Abin ya fi haka nisa. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. An kuma samu cewa waɗansu tun kafin su hau jirgin ruwa an riga an yanke musu katalis. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su. Watau ƙarfen ya bar nahiyar nan ya je ya tsabtace iskar wasu shekara goma sha, in ma ya dawo cikin 'yar Kwatano, sai a ciro shi a sake fitar da shi, a bar wa masu ƙasa hayaƙin.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana yawan amo na 2009, da na hayaƙin motocin fetur da dizal na 2011. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 cewa daga 2021 motar da za a shigo da ita sai ta cika ma'aunin hayaƙi na Turai mataki na huɗu, wanda motar fetur ba ta cika shi sai da katalis. Abin da ya rage shi ne aiki da su. A shingen bincike an fi tambayar takardu da abin kashe gobara, da wuya a ga wanda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin mota. Motar da aka miƙe wa salansa kuwa ba ta bukatar na'ura kafin a gane ta, da kanta take kai ƙarar kanta tun daga nesa.

Wani zai ce motarsa ce, da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne, amma iskar unguwa ba ya cikin cinikin. Wani kuma zai ce ga tireloli da janareto da tsofaffin bas-bas suna turnuƙe gari, me ya sa za a sa wa tasa ido? Amsa ita ce, mai tsohuwar bas talauci ne ya hana shi gyara, mai janareta rashin wuta ne ya tilasta shi, shi kuwa wannan lafiyayyar mota ya ɗauka ya biya aka lalata. Wanda sha'awarsa ta gaskiya ce ga muryar inji, akwai hanyar da ba ta kai nan ba. Ana iya canja tukunyar baya kaɗai da wata mai sakin murya kaɗan, a bar katalis da sansa biyu inda suke, mota ta yi amo mai kauri ba tare da ta ƙara guba ba. Ta fi tsada, shi ya sa ba a cika bin ta ba.

Mai motar da aka ce wa indominsa ya toshe, haƙƙinsa ne ya nemi a jona na'urar bincike ya ga abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta, a kuma duba fulogi da nozul da shan baƙin mai tukuna. In ta tabbata ya mutu, a nemi wani a sa, ko da na hannu ne, tsohon kuma a miƙo masa abinsa ya sa a but, tun da kuɗi ne, kuma zai rage masa tsadar sabon. In aljihu bai kai ba a wannan wata, ko kaɗan kada ya yarda a taɓa tukwane da sansa. Mai sayen 'yar Kwatano shi ma, kafin ya biya, ya sa a ɗaga motar a duba ko akwai sabon tabon walda a jikin gwangwanin, sa'an nan ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba, ya ga ko fitilar gargaɗi za ta kama tare da sauran fitilu. In ba ta kama ba, an riga an cire mata ƙwai.